Rediyon Sha'awa: Yadda Sabon Shiga Ke Fara Hira da Duniya

Duk mai sauraron labarai a gajeren zango ya saba da murɗa rediyo yana laluben tasha. A tsakanin manyan tashoshin nan akwai 'yan gurabun da aka keɓe wa masu na'urar aika murya a ɗakunansu, waɗanda ke hira da takwarorinsu na wasu ƙasashe don sha'awa kawai. Ƙungiyarsu ta duniya, IARU, an kafa ta a birnin Paris ranar 18 ga Afrilu, 1925. Marigayi Sarki Hussaini na Jodan ma ya kasance cikinsu, lambar kiransa JY1.

Ba a shiga harkar sai da lasisin hukuma, bayan jarrabawa kan lantarki da dokokin sadarwa. Tun 2003 dokar duniya ta daina tilasta sanin saƙon Morse, abin da ya sauƙaƙa wa mutane da yawa. Wanda ya ci sai a ba shi lambar kira, wadda farkonta ke nuna ƙasarsa: 5N Najeriya, 5U Nijar, 9G Ghana, TJ Kamaru.

Daga nan wuyar take farawa. Sabon shiga yakan kafa eriya, ya riƙe makirufo, sai baki ya mutu, don ya san duk wanda ya kamo zangon zai ji shi. Maganin wannan fargaba shi ne saurare. Wanda ya yi 'yan kwanaki yana jin yadda tsofaffin hannu ke yi zai gane cewa hirar tana da tsari, kamar gaisuwar zaure: da sallama, da amsawa, da tambayar lafiya, da ban kwana.

Da farko mutum zai tambaya ko akwai masu magana a zangon. In ya ji shiru, sai ya ce "CQ" sau biyu ko uku, wato kira ga duk mai ji, ya faɗi lambarsa. Ana faɗin haruffa da kalmomin da aka amince da su, A ta zama Alfa, B ta zama Bravo, N ta zama November, domin ƙara kan cinye harafi guda. In wani ya amsa, kowa zai gaya wa ɗan'uwansa yadda yake jin sa da alƙaluma biyu: na farko, daga 1 zuwa 5, tsabtar murya, na biyu, daga 1 zuwa 9, ƙarfinta. Wanda aka ce wa 59 ya fito tangaram. Sai suna, da gari, da irin na'ura, da yanayin gari. Mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, irin na oba-oba. A ƙarshe a ce "73", wato fatan alheri. Ana rubuta hirar a littafi da agogon UTC, wanda Najeriya da Nijar ke gaba da shi da awa ɗaya, wasu kuma su aika wa juna katin shaida mai suna QSL.

Sau da yawa mutum zai yi ta kira ba amsa, ya zaci na'urarsa ce ta lalace. Galibi sararin sama ne. Muryar gajeren zango takan bugi wani rufi na iska da hasken rana ke caja shi, ta dawo ƙasa da nisa. Shi ya sa zangon mita 20 ya fi tafiya da rana zuwa maraice, na mita 40 kuma da dare. Ƙarfin rana ma yana hawa da sauka duk kimanin shekara 11.

Ɗan Afirka ta Yamma yana da wani gata: masu wannan harka ba su da yawa a yankin, don haka da an ji 5N ko 5U, Turawa da Amurkawa kan yi ca a kansa. Kada ya rikice. Ya tsinci lamba ɗaya, ya gama da ita, sannan ya ɗauki wata.

Doka ta hana talla, kiɗa da ɓoyayyen saƙo a waɗannan zanguna, al'ada kuma ta sa ana kauce wa gardamar siyasa da addini. Shawarar da ta fi amfani ga sabon shiga ita ce ya fara da amsa kiran wani, ya kuma faɗa masa cewa yau ne karonsa na farko. Yawancin tsofaffin hannu za su sassauta murya su bi da shi a hankali.