MNSD-Nasara da Damargu: daga rijiyoyin karkara zuwa Tazarce

A 1989 Janar Ali Saibu ya kafa MNSD a matsayin jam'iyya ɗaya tilo a Nijar. Bayan babban taron ƙasa na 1991 mutane da yawa sun ɗauka ta mutu. Amma ta jingina da sarakuna, da manyan ƴan kasuwa, da tsoffin ma'aikatan gwamnati, har Tanja Mamadu, wanda Mahamman Usman ya kayar a 1993, ya ci zaɓe a 1999, ya sake ci a 2004.

A lokacin ƙarfinta yana karkara. Da kuɗin yafe bashi, shirin musamman na shugaban ƙasa ya gina azuzuwan lakkol, da ɗakunan shan magani, da rijiyoyi, manoma suka laƙaba masa Baba Tanja. Sai dai a 2005, bayan da fara da fari suka cinye geron Damargu, rumbun jahar Damagaram, shugaban ya ce babu yunwa a ƙasar.

A Oktoban 2008 ya aza harsashin matatar man SORAZ a ƙasar Olelewa, cikin gundumar Tanut, wadda a lokacin Balbeji ke ƙarƙashinta. Daga wannan biki kiran Tazarce ya yi ƙarfi. Tanja ya rushe majalisar dokoki da kotun tsarin mulki, ya shirya zaɓen raba gardama ranar 4 ga Agusta 2009. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojojin Salu Jibo suka kifar da shi.

Matatar ta soma aiki a 2011, Baba Tanja ba ya kan mulki.