Jirgin wuta a kogin Shari da makomar Turawan da Rabe ya kama

Duk ɗan kasuwar da ya taso a Yekuwa, Magarya ko Dungas ya ji tsofaffi na faɗin "zamanin Rabe". Tun da Rabe ya ƙone Kukawa a shekara ta 1893 ya koma Dikwa, hanyar ayari zuwa Barno ta zama ta kasada, fatake da yawa suka daina bin ta. Amma kaɗan ne suka san labarin jirgin ruwan da ke cikin wannan yaƙi.

Sunan jirgin Léon Blot. Wani hafsan Faransa, Emile Gentil, ya sa aka kwance shi gunduwa-gunduwa, ƴan dako suka ɗauke shi a kai daga kogin Ubangi, aka sake haɗa shi. Ranar 1 ga Nuwamba 1897 ya shiga tafkin Cadi. A kan hanya Gentil ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Bagirmi, Gawrang, abin da ya fusata Rabe.

Ranar 17 ga Yuli 1899, a Togbao, dakarun Rabe suka murƙushe rundunar Bretonnet, hafsan sojan ruwa, suka kashe shi. Sojoji uku ƴan Senegal suka saura da rai, aka kama su. Ɗaya daga ciki, Saja Samba Sall, ya gudu ya kai wa Gentil labari.

A lokacin nan akwai wani Bafaranshe tsare a Dikwa, de Béhagle, tsohon matuƙin jirgin ruwa da ya zo neman ciniki da Rabe. Cikin Oktoba 1899 Fadlallah ɗan Rabe ya rataye shi bisa umurnin mahaifinsa. Wanda ya zo da niyyar saye da sayarwa, shi ya biya bashin yaƙin da bai yi ba.

A ƙarshen watan, jirgin ya kai sojoji da bindigogi Kuno, aka gwabza, aka yi asarar rayuka ta kowane ɓangare. Ƙarshen magana sai Kuseri, ranar 22 ga Afrilu 1900, inda Rabe ya faɗi, shi ma Kwamanda Lamy, wanda ya biyo ta Damagaram, ya rasa ransa.

Jama'a, in manya suka yi faɗa, hanyar kasuwa ce ke fara rufewa, kuma mai kaya a ka shi ke fara shan wuya. Allah ya ba mu zaman lafiya.