Cork: Turancin Baba Ba Kuskure Ba Ne

Yau a kan kalma ɗaya tak zan yi magana, wato cork, domin ta sha jawo wa iyayenmu dariya a ƙasar nan, mu kuma muna ta jin kunya a banza.

Duk wanda ya tashi a gidan 'yan Najeriya ya san idan Baba ya ce cork, murfin ƙarfe na kwalbar lemo yake nufi. To shiga wani gidan abinci a titin Elm, tsakiyar Greensboro, ka faɗi haka mana. Za a ɗauka matoshin kwalbar giya kake nema. Na sha jin yaranmu suna yi wa iyayensu gyara a gaban mutane, wai Turancinsu ne bai nuna ba.

Asalin cork dai ɓawon wata itaciya ce da ke fitowa a Fotugal, Sifen, Maroko da Aljeriya. Sai ta kai wajen shekara 25 ake fara ɓare ta, daga nan kuma duk bayan shekara 9, ba tare da an sare ta ba. Kusan rabin abin da duniya ke amfani da shi daga Fotugal yake fitowa. Da shi ake yin allon da muke manna sanarwa a jami'a. Shi ne kuma Robert Hooke ya duba da madubin ƙara girma, ya ga wasu 'yan ɗakuna jere, ya kira su cell a littafinsa na 1665. Masu karatun likita, kun ji inda kalmarku ta samo asali.

To ina ruwan ɓawon itace da murfin ƙarfe? A 1892 wani mutumin Baltimore, William Painter, ya yi rajistar murfi mai haƙora wanda ke hana gas ɗin lemo fita. A cikinsa akwai ɗan faifan ɓawon nan, shi ya sa ya raɗa masa suna crown cork. Daga baya roba ta maye gurbin ɓawon, Amurkawa suka koma cewa cap, amma sunan ya zauna daram a Najeriya, har a tallan gasar lemo. Ka ga ke nan Baba tsohon sunan da Amurka ta fitar ya riƙe, su ne suka manta.

Birnin Cork na ƙasar Ayilan kuwa ba shi da alaƙa da wannan. Sunansa daga harshen mutanen can ne, ma'anarsa fadama.

'Yan uwanmu na Nijar, waɗanda suke da yawa a garin nan, su bouchon suka sani. A Faransanci kalmar na nufin matoshi, tana kuma nufin cunkoson motoci. Ai mu ma mukan ce hanya ta toshe.

Hausa ma fa ta raba abin tun tuni. Murfi daga rufewa, yana zama a kan baki. Matoshi daga toshewa, yana shiga ciki. Nawa ne a cikinmu suka san wannan bambancin?

Saboda haka kafin ka yi wa Baba gyara, ka fara bincikawa. Gara ma ka tambaye shi yadda ake faɗin abin da Hausa, wallahi kai za ka ƙaru. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.