Yadda tsarin ilektaron ke mayar da guba ta zama gishiri

Gishirin da ake aunawa da mudu a kasuwa haɗin sinadarai biyu ne masu haɗari. Ɗaya shi ne sodiyam, ƙarfe mai laushi da kan kama da wuta idan ya faɗa ruwa. Ɗayan kuwa kilorin, iska mai guba da aka yi amfani da ita a fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1915. Dalilin da ya sa haɗuwarsu ke samar da abin zubawa a miya yana cikin yadda ilektaron ke jeruwa a ƙwayar zarra.

Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya, ilektaron kuma suna kewaye da ita. A 1913 masanin kimiyya ɗan ƙasar Denmark, Niels Bohr, ya bayyana cewa suna zaune ne hawa-hawa kamar bene. Hawa na farko, mafi kusa da cibiya, yana ɗaukar 2 kacal, na biyu 8, na uku 18.

Lissafin Erwin Schrödinger na 1926 ya nuna cewa ilektaron ba shi da shatacciyar hanya, sai dai yankin da aka fi samunsa, wanda ake kira obital. Bisa ƙa'idar Wolfgang Pauli ta 1925, obital ɗaya ba ya ɗaukar fiye da ilektaron biyu. Hawa na farko yana da obital ɗaya, na biyu huɗu, na uku tara. Daga nan waɗancan adadin suka fito.

Ƙwayar da hawanta na waje ke da ilektaron 8, kamar niyon na fitilun talla, ba ta cika haɗuwa da wani sinadari ba. Sodiyam yana da 11, a jere 2, 8, 1. Kilorin yana da 17, a jere 2, 8, 7. Idan suka haɗu, sodiyam ya kan ba da ɗayan nan na waje, kilorin ya karɓa, kowanne ya samu 8. Cajinsu ya zama kishiyar juna, sai su riƙe juna gam, kaifinsu ya kwanta.

Wannan tsari ne kuma ke bayyana wayar lantarki. Jan ƙarfe yana da ilektaron 29, a jere 2, 8, 18, 1, kuma wannan na wajen yana yawo cikin sauƙi tsakanin ƙwayoyi, shi ke ɗaukar wuta zuwa shaguna da ofisoshi.