Ƙara taimin a tsohuwar mota: ina ƙarfin yake, ina haɗarin yake?

Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk gyaran da aka ce zai rage wa mota shan mai ko ya ƙara mata ja yana samun kasuwa a gareji. Ɗaya daga ciki shi ne abin da makanikai ke kira ƙara taimin, wato sa fulogi ya riƙa kawo wuta da wuri fiye da yadda yake yi. Aikin 'yan mintoci ne: a sassauta noti ɗaya, a ɗan murɗa distibuta, nan take inji ya sauya murya. Sai dai tsakanin ƙarin ƙarfi da lalata inji, digiri kaɗan ne kawai.

Batun ya shafi motoci masu kabureta da distibuta, irin su Peugeot 504 da aka shafe shekaru ana haɗawa a masana'antar Kaduna wadda ta fara aiki a 1975, da tsofaffin Volkswagen da Datsun. A motocin zamani kwamfuta ce ke wannan lissafi, babu abin murɗawa.

Dalilin da ya sa ake kunna wuta da wuri shi ne, cakuɗen fetur da iska ba ya cinyewa nan take. Daga tartsatsin fulogi zuwa ƙarewar konewar ana ɗaukar kusan kashi biyu zuwa uku cikin dubu na daƙiƙa. Lokacin kaɗan ne, amma injin da ke juyi 3,000 a minti yana shafe digiri 18 a kowane kashi ɗaya cikin dubun nan. Idan aka jira sai fistan ya kai ƙololuwa kafin a kunna, kafin wutar ta yi ƙarfi ya riga ya yi nisa a hanyarsa ta sauka. Abin da ake nema shi ne matsin konewar ya kai matuƙa jim kaɗan bayan fistan ya wuce ƙololuwa, wajen digiri 15, lokacin da turawar ta fi amfani.

Shi ya sa yawancin tsofaffin injuna ke kawo wuta digiri 5 zuwa 10 kafin ƙololuwa idan suna silo, adadin kuma ya haura 30 idan gudu ya ƙaru. Abubuwa biyu ke yin wannan ƙari da kansu: wasu ƙananan ƙarafa masu sifirin a cikin distibuta, waɗanda ke buɗewa idan juyi ya ƙaru, da wani ɗan gwangwani a gefenta wanda siririn tiyo ya haɗa da kabureta.

Idan wuta ta makara, mota kan yi nauyi, ta sha mai, ta yi zafi, domin wani ɓangare na konewar yana ƙarasawa ne a hanyar salansa. Wannan ce matsalar da ta fi yawa, kuma a hankali take shigowa: yayin da dugadugin kontak ke cinyewa, ratarsa na tsukewa, wuta na ƙara makara. Mai motar da ya ji ta farfaɗo bayan gyaran taimin, yawanci ƙarfinta na asali ne ya dawo. Injin da dama yake kan ma'aunin kamfani, abin da zai ƙaru ɗan kaɗan ne.

Idan kuma aka zarce, sauran cakuɗen da wuta ba ta kai gare shi ba kan fashe da kansa saboda matsi da zafi. Direba zai ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani, musamman a hawa ko da kaya. Wannan ƙara ba ita ce bugawar inji ba, amma hanyarta ce: tana karya ringi, ta ƙona gasket, ta kai ga huda kan fistan. A babban gudu ma ƙarar iska da ta taya kan rufe ta. Wata alamar ita ce inji ya riƙa turjewa wajen tayarwa idan ya yi zafi, har a ɗora wa batir laifi.

A nan ne saiti da kunne ke yaudara. Inji a tsaye, babu kaya, yana son wuta da wuri. Ana ƙara masa, silo na tashi, murya na yin daɗi. Wurin da ya fi daɗin ji a gareji sau da yawa ya wuce abin da injin zai jure da fasinja a kan titi. Kunnen gogaggen bakanike abin girmamawa ne, amma fitilar taimin, wadda ke haska alamar da ke jikin fuli, ita ce ke faɗar digiri.

Tsarin da ya dace shi ne a fara da kontak, a daidaita ratarsa, wadda a motoci da dama take kusan milimita 0.4, domin taɓa shi bayan an gama yana rusa saitin. A duba fulogi, a tabbatar ƙarafan distibuta ba su cije ba, tiyon kuma bai tsage ba. Inji ya yi ɗumi, a sa shi kan ma'aunin kamfani, sannan a ƙara digiri biyu kacal. Sai gwaji: a babbar giya, a gudun kilomita 40 zuwa 50, a taka totur sosai. Idan ƙarar ta ɗore, a koma baya.

Wuri da yanayi ma suna da ta cewa. A Jos, mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, iska ba ta da kauri, inji kan jure ƙari. Saitin nan idan ya gangara Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, yana iya fara ƙara. Haka nan man da aka gurɓata da kananzir.

Motocin da aka mayar masu amfani da iskar gas ta CNG lamarinsu daban ne. Gas ya fi fetur jure matsi, kuma ya fi shi jinkirin kamawa, don haka yana buƙatar wuta da wuri sosai. Wanda ya murɗa distibuta domin gas, ranar da tukunya ta ƙare ya koma fetur, saitin ya yi wa injin yawa. Akwai ƙaramar na'ura da ake haɗawa lokacin juyin, wadda ke ƙara taimin idan ana kan gas, ta mayar da shi idan an koma fetur, kuma ya dace mai mota ya tambaya ko tana cikin kayan da za a sa masa.