Na'urar Tsaron Inji: Hanyar Sake Saita Ta Ba Tare da Haɗari Ba

Duk wanda ya zaga ƙasar Rano da Kibiya da kaka zai ji kukan injuna ko'ina: na niƙa, na sussukar masara, da na casar shinkafa. Tun bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 noman rani ya bunƙasa a Kura da Bunkure da kewayensu, injunan sarrafa amfanin gona suka ƙaru. Haka kuma matasan yankin da dama kan sami aiki a masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa a birnin Kano. Saboda haka ya kamata ɗalibi ya san abin da ke tsayar da inji in haɗari ya taso, da kuma ƙa'idar tayar da shi bayan ya tsaya.

Mece ce na'urar tsaro?

Na'urar tsaro wani ɗan akwati ne da ke cikin allon lantarkin inji. Aikinta sauraron saƙo daga wurare kamar jan maɓallin tsayarwar gaggawa, da makunnin da ke jikin murfin da ya rufe bel da wuƙaƙe. Da zarar an danna jan maɓallin, ko an buɗe murfin, sai ta yanke wuta. Kamfanin Pilz na ƙasar Jamus ya fito da irin wannan na'ura mai suna PNOZ a 1987.

Hikimar da ke cikinta ita ce, ba ta dogara da hanya ɗaya ba. Saƙo yana iso mata ta wayoyi biyu, tana kuma yanke wuta ta makunnai biyu. In ɗaya ya maƙale, ɗayan zai yanke. Sa'an nan sai ta ƙi barin a tayar da injin har sai an gyara wanda ya lalace.

Me ya sa ake wannan taka-tsantsan? Mu yi ɗan lissafi. Injin lantarkin da aka fi amfani da shi a masana'antu yana juyawa kusan sau 1,450 a minti guda, wato kamar sau 24 a daƙiƙa ɗaya. Mutum kuwa yana buƙatar kimanin rubu'in daƙiƙa tsakanin ganin haɗari da motsa hannu. A wannan ɗan taƙi injin ya juya sau 6. Ashe ke nan zafin nama ba ya ceton yatsa.

Sake saiti ba gyara ba ne

In na'urar ta tsayar da inji, ba ta sakinsa sai an danna maɓallin sake saiti, wanda galibi shuɗi ne. Nan ne mutane da yawa ke kuskure, su ɗauka maɓallin magani ne. Alhali danna shi tamkar ba da shaida ne cewa an gano dalilin tsayawar, an kawar da shi, kuma babu kowa a bakin haɗari.

Ƙa'idar duniya ta ISO 13850 ta tanadi cewa sakin maɓallin gaggawa bai kamata ya tayar da inji ba. Izini kawai yake bayarwa. Tayarwa aiki ne dabam, da maɓalli dabam. Haka nan ana kafa maɓallin sake saiti a wajen da'irar haɗari, inda mai dannawa ke iya ganin injin gaba ɗaya. Yawancin na'urorin ma ba sa karɓar umarni sai an danna an saki, domin kada maɓallin da ya maƙale ya yaudare su.

Matakan da ake bi

1. A binciki abin da ya tsayar da injin, a tambayi wanda ya danna jan maɓallin.
2. In gyaran na buƙatar sa hannu a ciki, a kashe babban makunni, a garƙame shi da kwaɗo, mai gyaran ya riƙe makullin a aljihunsa. Amurka ta mai da wannan doka a 1989.
3. A jira bel ya daina juyawa sarai, a saki iskar da aka matse a bututu. Yanke wuta ba ya kawar da ƙarfin da ya riga ya taru.
4. A kwashe kayan aiki, a mayar da murfi, a tabbatar kowa ya ja da baya.
5. A cire kwaɗo, a sake saiti, a ɗaga murya a yi gargaɗi, sa'an nan a tayar.

In na'urar ta ƙi saituwa, ko ta riƙa tsayar da injin a kai a kai, a kira ƙwararren mai gyaran lantarki. Haɗa wayoyi don a tsallake ta daidai yake da korar mai gadi don ya yi ihun ɓarawo. Dokar Masana'antu ta Nijeriya ta 1987 ta wajabta killace sassan inji masu haɗari.

Ɗaukewar wuta

Akwai wani haɗari da ya fi shafar mu. In aka ɗauke wuta inji yakan yi tsit, yaron shago ya ga dama ta samu ya zura hannu ya cire abin da ya toshe. In makunni na gama-gari ne aka bari a kunne, wuta na dawowa injin zai zabura. Maganin wannan shi ne makunni mai maganaɗiso, wanda ke faɗuwa da kansa in wuta ta tafi, ba ya kuma komawa sai mutum ya danna. Duk mai injin niƙa na lantarki ya kamata ya sa shi. Injin dizal kuwa, kada a taɓa bel ɗinsa sai an kashe shi ya tsaya cak.

Malaman kimiyya na iya nuna wa ɗalibai wannan a aji da batir da ƙwan fitila da ƙaramin makunni mai maganaɗiso. Ɗalibin da ya ga fitilar ta ƙi kamawa bayan an mayar da batir, sai da aka danna maɓalli, ba zai mance da darasin ba ranar da ya tsaya gaban babban inji. In kunne ya ji, jiki ya tsira.