Ladan Mai Hoto, da Wanda Ke Cin Sa

Tun da aka yi gwanjon wani hoto daga ayyukan mai ɗaukar hoto Man Ray a gidan Christie's na birnin New York a watan Mayun 2022, ya tashi a kan dala miliyan 12.4, kuɗin da ba a taɓa sayen hoto guda da shi ba kafin ranar, nake ta jin samari masu rataye da kyamara suna kafa hujja da wannan adadi, wai ga dalili bayyananne cewa hoton fasaha sana'ar arziki ce; alhali kuwa mai hoton ya riga mu gidan gaskiya tun 1976, ko anini bai gani ba daga wannan dukiya. Abin da cinikin ya tabbatar mini shi ne, ladan wannan sana'a a makare yake zuwa, kuma galibi a hannun wani yake sauka.

Asalin mas'alar, a nawa nazarin, rashin mai saye ne a gida. Mutumin Kano ko na Damagaram zai biya a ɗauke shi ranar ɗaurin aure, zai biya hoton fasfo, amma in ka nuna masa hoton wani tsoho mai rini a bakin karofi, wanda ka yi sammako kwana uku kana jiran hasken hantsi ya faɗi yadda kake so, sai ya duba da kyau, ya yaba, sa'an nan ya tambaye ka, "To, wane ne wannan?" Da zarar ya ji ba danginsa ba ne, ciniki ya mutu. Saboda haka ala tilas mai hoton fasaha yake ciyar da iyalinsa da bukukuwa, inda bayan ya wuni a tsaye za a ce masa ya turo ta WhatsApp, kuɗi sai an gani. Aikin da zuciyarsa ke so kuwa sai ya jira dillali daga Faransa ko Amurka, wanda zai ƙayyade yawan kwafin da za a wanke, ya yanka farashi, ya kuma ɗauki wajen rabin kuɗin bisa al'adar gidajen baje koli.

Tarihin magabatan sana'ar a Afirka ta Yamma ya isa shaida. Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, ya ɗauki dubban mutane, amma da aka baje wasu hotunansa a New York a 1991, ba a ma rubuta sunansa ba, an ce aikin wani ne da ba a sani ba; sai daga baya aka bi sawu aka gano shi, ya yi suna cikin tsufa, ya rasu a 2001, kana rigima ta ɓarke tsakanin dillalai a kan wanda ke da ikon nagatif ɗinsa. Malick Sidibé, wanda zuwan hoto mai launi ya kashe wa kasuwa har ya koma gyaran kyamarori, bai karɓi lambar Zakin Zinariya ta Venice ba sai a 2007, yana da shekara saba'in da 'yan kai. Su biyun nan su ne masu rabo. Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki rayuwar daren Yamai da samarinta a shekarun farko na 'yancin Nijar, shi bai samu dillalin da zai ɗaukaka shi kamarsu ba, sai ya ƙare cikin talauci da raunin gani, har Allah ya karɓi abinsa a 2014. Gwanintar ɗaya ce. Abin da ya raba su shi ne wanda baƙo ya ƙwanƙwasa wa ƙofa.

Illar wannan hali ta wuce aljihun mai hoto. Nagatif ɗin da ba a ɗauke shi bakin komai ba, a kwali ake zuba shi a ƙarƙashin gado, ƙurar hunturu ta karce shi, laimar damina ta manne shi da ɗan'uwansa, gara ta cinye ambulan ɗin da aka rubuta suna da shekara a kai. In mai shi ya rasu, magada su share ɗaki.

Na san akwai masu ɗora laifin duka a kan wayar hannu, da kuma na'urar nan mai ƙirƙiro hoto ba tare da kyamara ba, musamman tun da Bajamushen nan Boris Eldagsen ya ƙi karɓar kyautar gasar Sony a 2023, bayan ya bayyana cewa na'ura ce ta haɗa hotonsa. Ban musa ba, sun rage cinikin shago. Amma Koudjina ya talauce tun waya ba ta da kyamara. Masu cewa saɓanin malamai a kan hukuncin hoto ne ya hana mu saye kuwa, sai su dubi bangon shaguna da zaurukanmu, cike da hotunan shehunai da sarakuna da 'yan siyasa.

Duk da haka sana'ar tana da fa'idar da ba ta jiran dillali. Duk wanda ya taɓa tsayuwa a ɗakin duhu, ƙarƙashin jar fitila, yana kallon fuska tana fitowa sannu a hankali a kan farar takarda cikin ruwan magani, ya san daɗin da ke hana mutum barin wannan aiki. J.D. 'Okhai Ojeikere kuma, da ya fara ɗaukar kitson matan Nijeriya a 1968 ya tara hotuna wajen dubu, ya bar mana daftarin salon kitso da yawa waɗanda yau da wuya a ga mai yin su.

Kirana ga Gidan Arewa na Kaduna, da Gidan Makama na Kano, da gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, da attajiranmu masu ƙawata falo da kayan Dubai, shi ne su aika a zaga tsofaffin shagunan hoto na Sabon Gari da Fagge da Maraɗi, a sayi nagatif ɗin da suka rage a kan farashi na mutunci, a kuma rubuta sunan mai kowane hoto tun yana da rai.